Yadda Muryar Madam Rahina Ta Tafi

Duk wanda ya zauna a Tsamiyar Ɗela a shekarun baya ya san muryar Madam Rahina tun kafin ya san fuskarta. Ƙauye ne a kudancin Dungas, tafiyar rabin awa a kan kabu-kabu idan yashi bai yi yawa ba, kuma lakkwal ɗin garin, wato makarantar boko, tana can gefe, bayan injin niƙa. Duk da haka matan da ke jan ruwa a rijiyar tsakiyar gari sukan ji ta tangaran tana biya wa yara karatu. Akwai tsofaffin da ba su taɓa taka ƙofar aji ba, amma sun iya ƙirga ɗaya zuwa ashirin da Faransanci, don kawai muryarta tana iske su har inda suke zaune.

'Yar Magarya ce. Mahaifinta Baƙo maɗinki ne a bakin kasuwa, mahaifiyarta Ƙande tana soya awara a ƙofar gida. Ba ta taso da burin koyarwa ba. Shekarar da ta ci jarrabawar birebe, ta kammala ƙaramar sakandare, idon mahaifinta ya fara rauni har ya daina ganin kafar allura, ga ƙanne huɗu a bayanta. Makarantar horon malamai ta Damagaram ita ce hanya mafi gajarta zuwa aiki, sai ta bi ta. Tana da shekara ashirin da ɗaya aka tura ta Tsamiyar Ɗela a matsayin malamar kwantiragi, irin malaman nan da ake ɗauka na wucin gadi, ba su da lambar zama cikakkun ma'aikatan gwamnati.

Ajin da ta tarar rumfa ce ta zana da karan gero, yara tasa'in da 'yan kai suna zaune a ƙasa kan tsofaffin buhuna. Kusa da ita akwai rumfar darektan lakkwal ɗin, Mushe Faruku, wato Malam Faruku a bakin 'yan lakkwal, mai riƙe da manyan yara. Zana ɗaya ce ta raba su. Da hantsi injin niƙa zai tashi, ba ya yin shiru sai azahar. Malamin da ke son yaron layin baya ya ji shi a wurin nan, dole ya ɗaga murya ta fi ta injin, ta kuma fi ta maƙwabcinsa. Rahina Allah ya ba ta murya, ta kuwa ɗaga ta iyakar ƙarfinta.

Shekara biyun farko ta yi su ne kamar mai zaman tasha. Ta shiga aji, ta fito, ta ƙirga kwanakin da suka rage a yi hutu ta koma Magarya. A shekara ta uku ne Mushe Maina ya zo.

Mushe Maina konseye ne, wato ɗaya daga cikin manyan malaman da ke zagaya ƙauyuka suna duba yadda ake koyarwa, suna gyara wa malamai kurakuransu. Mutumin Waca ne, siriri, gemunsa ya fara furfura, yana hawan wani tsohon moto, wato babur, da ake jin ƙararsa tun daga nesa. Ya zauna a bayan ajinta kan kujera ɗaya tilo da ke wurin, ya saurari darasin lissafi daga farko har ƙarshe. Da aka tashi yara sai ya kira ta gindin tsamiyar da ke filin lakkwal.

Ya ce, "Madam, wa ya koya miki ki raba yara gida-gida, kowa da tsinken kara a hannu?"

Ta ce, "Ba kowa, Mushe. Na ga ba su gane rabawa a kan allo ba, sai na sa suka tsinto kara."

"To, kin iya aikin nan. Ba kowa nake gaya wa haka ba." Ya cire hularsa ya kaɗe, ya mayar. "Nan da shekara goma, ina kike son ki ga kanki?"

Ta yi dariya, don ta ɗauka wasa yake yi. Tunda take ba wanda ya taɓa yi mata irin wannan tambaya. Ta ce, "Duk inda Allah ya kai ni, Mushe."

Ya ce, "Allah ne mai kaiwa, ba musu. Amma hanya tana nan, ba wanda ya nuna miki ita ne. Zauna in nuna miki."

Ya ɗauki ɗan kara ya shiga zana mata a ƙasa. Da farko ta riƙe aikinta har a ba ta lamba. Idan ta sami lamba, ta cika shekarun da ake so, sai ta zauna jarrabawar ƙarin matsayi. Rubutu ne da farko. Wanda ya ci rubutun, sai a turo kwamiti har ajinsa su ga yadda yake koyarwa, su kuma yi masa tambayoyi baki da baki. Wanda ya tsallake wannan, to yana iya neman shiga babbar makaranta a Yamai, inda ake horar da masu aiki irin nasa.

Ya ce, "Mata ba su da yawa a cikinmu. Malamai mata kuwa kullum ƙaruwa suke yi a ƙauyuka, kuma akwai abin da ba za su iya gaya mini ba, wanda ke za su gaya miki. Ki yi tunani."

Ya hau motonsa ya tafi. Ita kuwa ta daɗe tsugune tana kallon zanen nan a ƙasa, har awaki suka zo suka bi ta kansa.

Daga ranar ta zama wata daban. Akwai taron da malaman yankin ke yi a Dungas lokaci-lokaci ranar Asabar, don su koya wa juna dabarun aiki. Yawancinsu sukan zo su sa hannu a takarda, su zauna can baya suna hira. Rahina ta koma layin gaba, da littafin rubutunta a cinya. Mushe Maina ya dinga ara mata littattafansa, wasu sun tsufa har an ɗinke bayansu da zare. Tsakanin la'asar da magariba, lokacin da matan gari ke daka, ita tana ƙofar ɗaki tana karatu kafin haske ya tafi. Ta fara son aikin da ta shiga don dole. Yaranta suka fara fita da sakamako mai kyau, har iyayen da a da suke riƙe 'ya'yansu a gona suka fara kawo su da kansu.

A nan ƙauyen ta yi aure. Kamalu ɗan kasuwa ne, yana sayen wake da riɗi a ƙauyuka yana tsallakawa da su Maigatari. Tun yana zuwa zance ta gaya masa gaskiya.

Ta ce, "Ni fa ina da tafiya a gabana. Wata rana zan je Yamai karatu, shekara biyu ko fiye. In ba za ka iya ba, gara ka faɗa tun yanzu."

Ya ce, "Ni da nake kwana uku a hanya kowane mako, ni zan hana wani tafiya? Muddin za ki dawo, ki je."

Bai saɓa ba, aƙalla a shekarun farko. Suka haifi 'ya mace, Rahma. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Ya Kaka, ita ke riƙe mata jaririyar har a tashi daga lakkwal.

Lambar da Mushe Maina ya ce za ta zo a shekara huɗu ko biyar, sai a shekara ta takwas ta zo. Mahaifinta ya rasu kafin nan, bai ga ranar ba. Karon farko da ta zauna jarrabawar rubutu ta faɗi, don a makon Rahma tana kwance da ƙyanda, kanta ba ya wurin takarda. Ta sake zama a shekarar da ta biyo, ta ci. Mushe Maina ne ya fara buga mata waya.

Ya ce, "'Yata, barka. Saura abin da kika fi kowa iyawa. Su zo su ga ajinki kawai, an gama."

A shekarar nan ya ajiye aiki ya koma gonarsa a Waca. A shekarar nan kuma aka ɗauke Mushe Faruku aka kai shi Mallawa, aka ce za a turo wani, ba a turo ba. Aka ce Rahina ta riƙe lakkwal ɗin kafin a samu. Ta duba rumfa biyu, ta duba kanta ita kaɗai, sai ta sa aka cire zanar da ke tsakani, ta haɗa yaran wuri guda. Sun fi ɗari da hamsin. Ta ba waɗannan aiki, ta juya ta koya wa waɗancan, ta juyo ta tsawata wa na farkon, injin niƙa kuwa yana ta aikinsa.

Da ma kowace shekara, idan aka doshi ƙarshen zango, muryarta takan dushe, amma da an yi hutun mako biyu sai ta dawo garau. Wannan karon tun watan biyu da komawa ta fara jin kamar an zuba mata yashi a maƙogwaro. Da safe muryar tana nan, kafin azahar ta shaƙe. Ya Kaka ta haɗa mata citta da kanumfari da zuma. Majo na likitar Dungas, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin garin, ya haska mata baki da tocila ya ce sanyi ne, ya ba ta ƙwayoyi. Ta sha, ba ta ga canji ba. Aka yi babban hutun damina, ta jira muryar ta dawo kamar yadda ta saba, ba ta dawo ba.

Kamalu ya ɗauke ta suka tafi Kano, suka sauka gidan kawunsa, aka kai su wurin wani likitan maƙogwaro. Likitan ya zura mata wani siririn abu mai fitila ta hanci, ya nuna musu a allon na'ura wasu 'yan kumburi biyu, kowanne bai fi ƙwayar gero ba.

Ya ce, "Malama, kin ga waɗannan? Ihu ne ya haife su. Ki yi wata uku ba magana, ba aji. In kika yi haka, mai yiwuwa su tafi da kansu. In kika ci gaba, sai an yi aiki, kuma ko an yi aikin ba zan yi miki alkawarin muryar da kika sani ba."

A motar dawowa, da suka tsallake iyaka, sai Kamalu ya ce, "Maman Rahma, ki nemi hutun rashin lafiya."

Ta ce a hankali, "In kwamiti ya zo ba na aji, tsallake sunana za a yi. Ban san yaushe za a sake juyowa kaina ba."

"To a tsallake mana! Murya ɗaya gare ki."

"Sun ce watan Nuwamba za su zo. Wata biyu kawai zan yi a aji. Da sun zo sun tafi sai in huta. Kuma in na zauna a gida, wa zai buɗe lakkwal ɗin? Ni kaɗai ce."

Ya kawar da kai yana kallon gonaki. Ya ce, "Kin fi ni sanin aikinki." Daga yadda ya faɗa ta san bai yarda ba.

Sauran makonni shida na hutu ta yi su bakinta a rufe, tana yi wa Rahma magana da hannu. Muryar ta ɗan murmure. Da watan Oktoba ya kama ta koma aji.

Nuwamba ta zo ta wuce, ba kwamiti. Aka ce sai Janairu. A Janairu aka ce babu motar da za ta kai su ƙauyuka. Daga baya aka ce sai bayan azumi. Ta rubuta takarda tana tambaya, ba a amsa ba. Ta sake rubutawa har sau biyu. Kowace Litinin takan sa a share filin lakkwal tas, ta gyara takardun darasinta, ko a makon ne za su zo. Haka shekarar ta ƙare. Wata shekarar ta kama, har yanzu ita kaɗai ce a rumfar.

Ta koyi tattalin ɗan abin da ya rage mata. Ta sayi usur. Tafi ɗaya, a yi shiru. Tafi biyu, a ɗaga alluna. Abin da za ta faɗa sau uku a da, yanzu sai ta rubuta shi a babban allo ta nuna da sanda, layin gaba su karanta da ƙarfi, na baya su amsa. Yaran suka saba da kallon hannunta da idonta. A gida ta daina kiran Rahma daga nesa, sai ta tashi ta je ta taɓa ta. Kamalu ya daina yi mata maganar hutu. Ya rage hira da ita gaba ɗaya, wai don kada ya sa ta amsawa, gidan ya yi tsit ko yana nan ko ba ya nan. Wani lokaci tana zaune sai ta ji tsoro ya kama ta, ta ce a ranta gobe za ta rubuta takardar neman hutu. Da gari ya waye sai ta tuna shekarun da ta riga ta zuba, ta ce bari ta ƙara mako ɗaya.

A watan Afrilu, tsakiyar zafin bazara, aka bugo mata waya ranar Talata cewa kwamiti zai zo Laraba.

Da asuba ta gwada muryar. Tana nan, amma siririya. Ya Kaka ta kawo mata ruwan ɗumi da zuma, ta tofa mata addu'a. Rahina ta je wurin mai injin niƙa ta roƙe shi ya dakata mata na awa ɗaya da hantsi, ya ce ba komai. Wajen ƙarfe tara mota ta tsaya, mutum uku suka fito: ansifekta, wato shugaban malaman yankin, wanda sabon zuwa ne mai suna Mahdi, da wani matashin konseye, da Madam Mero, darektar wata lakkwal a cikin Dungas. Aka aro musu kujeru daga gidan mai gari. Da ansifektan ya ga yawan yaran sai ya tsaya a bakin rumfar ya ɗan jima kafin ya shiga.

Ta fara darasin karatu. Muryar ta fita, ta kai har tsakiyar aji, ta ji daɗi a ranta. Ta yi tambaya, hannaye suka tashi. Ta gyara wa wata yarinya furuci, ta maimaita kalmar, ta sake maimaitawa. Kamar minti goma sha biyar da farawa, tana tsakiyar wata kalma, sai sautin ya yanke. Ta yi gyaran murya ta sake gwadawa, iska kawai ta fito. Ta haɗiye miyau, ta sake. Babu.

Yara ɗari da hamsin suka zuba mata ido. Ta ga matashin konseyen ya ɗaga kai daga takardarsa. Ta ji gumi yana bin bayanta, ta yi tunanin ta fita ta bar musu rumfar. Sai ta ga alli a hannunta. Ta juya ta rubuta kalmar a allo, ta tafa sau ɗaya, ta nuna da sanda. Layin gaba suka karanta, na baya suka amsa. Ta tafa sau biyu, alluna suka tashi sama. Ta bi layi-layi tana dubawa, nan ta gyaɗa kai, can ta goge harafi da yatsa ta nuna a sake. Yaran ba su ga wani baƙon abu ba, haka suke karatu kullum bayan hantsi. Darasin ya tafi har ƙarshensa ba tare da ta sake furta kalma ɗaya ba.

Aka koma gindin tsamiya don tambayoyin baki. Ansifektan ya jawo kujerarsa kusa da tata, ya karkato kunne. Inda raɗa ta iya fita, ta yi raɗa. Inda ta ƙi, ta ɗauki allon wani yaro ta rubuta amsar, ta nuna, ta goge, ta rubuta ta gaba. Madam Mero ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta.

Da aka gama ansifektan ya rufe takardunsa ya ce, "Madam, tun yaushe kike haka?"

Ta ɗaga yatsu biyu, ta rubuta: shekara.

"Me ya sa ba ki sanar da mu ba?"

Ta rubuta, "Na rubuto sau uku ina tambayar ranar zuwanku."

Ya karanta, ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "Ban ga ko ɗaya ba. Wata huɗu ke nan da zuwana." Ya miƙe tsaye. "Allah ya ba ki lafiya, Madam. Ban taɓa ganin aji irin naki ba."

Ta ci jarrabawar, kuma a shekarar ba wanda ya kai ta maki a duk yankin. Takardar sakamakon ta zo tare da wata takardar, mai umartar ta je likitoci su duba ta. A hutun daminar aka yi mata aiki a Kano. Bayan wata biyu muryar ta dawo, in dai za a kira wannan murya: wata shaƙaƙƙiyar raɗa mai kaushi, da ta yi jimla huɗu ko biyar sai ta gaji. Likitoci suka rubuta cewa ba za ta ƙara riƙe aji ba. Aka ɗauke ta daga Tsamiyar Ɗela aka kawo ta biron ansifekta, wato ofishinsa, a Dungas, aka ba ta makullin ɗakin da ake ajiye littattafai da alli. Ranar da za su tashi, Ya Kaka ta riƙe Rahma tana kuka, yara suka bi motar kayan har bayan gari.

Duk da haka, da aka buɗe neman shiga makarantar Yamai, ta haɗa dosiyenta, wato takardun neman shiga. Komai ya cika sai takarda ɗaya, ta shaidar likita cewa mai nema yana da lafiyar yin aikin. Likitan da ta je wurinsa mutumin kirki ne. Ya saurare ta, ya ce, "Madam, aikin konseye magana ce daga safe har yamma, a gaban malamai hamsin. In na rubuta abin da ba shi ba, ke zan cuta." Ya rubuta abin da ya gani. Bayan wata ɗaya dosiyen ya dawo mata a cikin ambulan ɗin da ta aika shi.

Da kaka ta shiga motar haya ta tafi Waca. Ta iske Mushe Maina a gona ana ɗaurin damman gero, ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda. Ya riga ya ji labari. Ya sa aka shimfiɗa musu tabarma a inuwar gawo, suka zauna, ya yi ta juya carbinsa.

Can ya ce, "Ranar da na fara zuwa ajinki, tun daga bakin gari na ji muryarki a kan ta injin nan. Na ce a raina, ga malama. Shekara talatin ina aikin nan, na ga waɗanda suka rasa murya, na san yadda abin ke farawa. Kamata ya yi in tsawata miki tun ranar. Sai na yaba miki, na ɗora miki tafiya."

Ta matso kusa don ya ji ta. Ta ce, "Ba laifinka ba ne, Baba. Kai kaɗai ka taɓa tambayata abin da nake so."

"Da ban tambaya ba fa?"

Ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya sa aka ɗaura mata ɗan wake da kuɓewa busasshiya a buhu, ya raka ta har bakin hanya. A cikin mota, tana matse tsakanin wata mai kaji da wani mai buhun gyaɗa, ta ji wani fushi ya taso mata. Ta nemi wanda za ta ɗora wa fushin, ta duba Maina, ta duba mutanen biro, ta duba kanta, ba ta sami inda zai zauna daidai ba. Haka ta iso da shi Dungas.

Shekara uku ke nan yanzu tana ɗakin littattafai. Albashinta ya ƙaru saboda matsayin da ta ci, kowa a biron yana girmama ta, ansifekta kan turo mata takardun darasin sababbin malamai ta duba ta gyara da jan alƙalami. Ba ta ganin masu takardun, ba ta san ko suna karanta gyaran ba. Tsamiyar Ɗela ta sami malamai biyu bayan tashinta, ɗaya ya yi shekara ya nemi canji. Kamalu ya kama haya kusa da tasha, kasuwarsa ta ɗan ja baya tunda ya bar ƙauye, ba ya faɗa amma ta sani. Ya taɓa cewa su koma Magarya kusa da Inna Ƙande, ya buɗe mata ɗan shagon atamfa ta huta da aikin gwamnati. Ta ce bari ta yi shawara. Har yau ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Makon jiya sanarwar neman shiga makarantar Yamai ta bana ta iso. Sakataren biron ba ya nan, sai ansifekta ya miƙa mata ya ce ta taimaka ta manna a waje. Ta dama ɗan ƙaro a murfin gwangwani, ta shafa a kusurwa huɗu, ta manna takardar a jikin bango kusa da ƙofa, ta shafe ta da tafin hannu don kada ta yamutse. Wasu malamai uku da suka zo karɓar alli suka matso suna karantawa, ɗaya yana tambayar 'yan'uwansa ko shekarunsa na aiki sun kai. Ta koma ciki ta buɗe kwali, ta fara ware musu allin.